Yatsan Baba a Goshin Lawali

Yau shekara goma sha shida da rasuwar mahaifina, wanzamin da rabin mazan unguwarmu a Sabon Birni suka sunkuyar wa da kai. Jama'a suna tuna shi da kaifin aska. Ni kuwa abin da ya fara tsaya mini a ido tun ina yarinya shi ne babban yatsansa. Kafin ya jiƙa gashin mutum sai ya bi goshinsa da shi a hankali, daga gira zuwa sama, kamar mai neman tsakuwa a cikin gero.

Ya ce gado ne. Kakan kakansa ne ke yi wa mayaƙan Gobir aski a zamanin da suka ƙi miƙa wuya bayan faɗuwar Alƙalawa, lokacin da garin Isa ke ɓangaren Sakkwato, shi da Sabon Birni suna zaman ɗarɗar. Wai da yatsa yake gane wanda zai tsaya da wanda zai kai labari wajen abokan gaba. "Hankali nan gaba yake zaune," in ji Baba, "kuma kowa da irin ɗakin da Allah ya gina mai." Saboda haka duk wanda ya zo neman 'yarsa, sai ya yi masa aski kyauta.

Lawali direba ne daga Isa. A lokacin littattafan soyayya sun cika mini kai, ina jiran saurayi mai farar shadda da ƙamshin turare, sai Allah ya kawo mini mai warin fetur da dariya mai ƙara. Na ga ya fi na littafi. Ranar askinsa ina leƙe ta zaure. Yatsan ya hau, ya tsaya a saman girar hagu, ya daɗe.

"Baba, mi kag gani?" na tambaye shi bayan baƙon ya tafi.

"Ban hana ki ba, Dije. Amma wanga goshi ba shi riƙon amana."

Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Sauran aikin ni na yi shi. A littattafaina uba yakan hana, yarinya ta kafe, ƙauna ta yi nasara. Babu wanda ya koya mini yadda ake yi da uban da ya faɗi magana ɗaya ya yi shiru. Na shiga sa ido. In Lawali ya makara, na gano dalili. In ya zo da wuri, yana ɓoye wani abu. Ranar da na ga gyale a kujerar gaba ta motarsa ya yi dariya ya ce fasinja ce ta mance shi. Washegari na mayar masa da kayan toshinsa.

Bara Nana, 'yar ƙanena mai karatun likita, ta nuna mini hoton ƙwaƙwalwa a wayarta. Na ba ta labarin kakanta. Ta ce bai yi ƙarya duka ba. Sashen da ke bayan goshi yana da hannu a tsara abu da danne zuciya da auna abin da zai biyo baya, kuma lanƙwashe-lanƙwashensa sun bambanta daga mutum zuwa mutum, har tsakanin tagwaye. "Amma Gwaggo, ƙashin waje ba shi bin siffar na ciki. Wanga tudu na saman gira ƙashi ne da kogon iska. Ko na'ura ta ɗauki hoton cikin, likita ba shi ce miki ga maci amana."

Daga nan zargina ya juya. Na zauna na tuno goshin da Baba ya soke: manemin yayata Hajo, wani mai son yin noman tarayya da Baba, sai Lawali. Su uku, duk mutanen Isa. Shin yatsan ne ya ji wani abu, ko tsohuwar gaba ce ta sauko daga kakanni ta zauna a cikinsa? Ya sani, ko shi ma an yaudare shi? Ban yarda da amsar da zuciyata ke son ba ni ba.

Da yana raye yau, da 'yan bindiga suka sa kowa yana kallon fuskar maƙwabcinsa yana neman mai kai musu labari, ina tsoron layi za a yi a gaban tabarmarsa, ba don aski ba. Zabirarsa tana wajen ƙanena, askar tana ci. Yatsan ni na gada, kuma shi nake ƙoƙarin binnewa. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe mana ni da shi.

Kwanan baya tafiyar asibiti ta kai ni tashar Isa. Motoci uku ne a layi, amma mata sun taru a jikin ɗaya, suna damƙa wa direban 'yan mata masu komawa makaranta da saƙon magani, su juya ba ko waiwaye. A wannan hanya da kowa ke tsoro, motarsa ake jira. Lawali ne. Na shiga na zauna a bayansa. Sai da muka hau kwalta ya dube ni ta madubi, ya tura hularsa baya. Sanƙo ya cinye kan tas.

"Dije," ya ce, "ga shi nan fili, aski ma ya ƙare. Duba da kyau."