Ta'aziyyar Mai Rai

A zamanin Jihar Arewa, wani malamin asibiti ya zo rugarmu kusa da Kebbe, yana duba lafiyar iyali gida-gida. Ina kwance cikin bukka, ina tarin jini. Ya tambayi innata, "Ina ɗanki na fari?" Ni ne, amma kunyar ɗan fari ta hana ta ambatona, ta sunkuyar da kai. Sai ya ce, "Allah ya jiƙansa."

Baffana ya zabura. "Kai, wa ka kashe muna?" Ya sauke masa sanda a goshi, ya ƙara a baki. Jini ya wanke farar rigar malamin, haƙorinsa ya faɗi ƙasa. Ya haye keke ya gudu bai duba ƙirjina ba. Har yau da huhu ɗaya nake numfashi.