Kifayen Kawu

Kawuna na Paki yana da wata na'urar faifai da ya sayo gwanjo a Kaduna tun muna yara. Ba irin ta kallon fim ba ce. Faifai ɗaya ta zo da shi, na kifayen teku, idan ka kai kibiyar da ke allo kan kifi ka danna sai wata mata ta faɗi sunansa da yaren da har yau ban san na wace ƙasa ba ne.

Bara, bayan ciwon da ya shanye masa ɓarin jiki, na je gaishe shi. Sai ya sa aka jawo na'urar daga ƙarƙashin gado, duk ta yi tsatsa.

"Kai da kake aikin kwamfuta a Makarfi, tayar min da ita mana."

"Kawu, wannan ai ta mutu."

"To, faifan fa? Shi ma ya mutu?"

Sai na tafi da su duka.

Kwamfutata ta ƙi karanta faifan. Da na bincika sai na ga akwai manhajar da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi tsohuwar na'ura, amma sai an kwafo abin da ke cikin wani ɗan guntun ƙwaƙwalwarta. Wani mai gyaran rediyo a Kudan ya ciro min shi. Kwafowar kuma sai da na je Zariya sau biyu, na farko na tarar babu wuta.

Daminar nan kaf a kanta ta ƙare. In taso daga ofis, in leƙa gonar masara, in zauna ina sauya saiti idona na zafi. Wani lokaci allon ya yi baƙi, wani lokaci kifin ya fito rabi. Matata ta daina tambayata yaya ake ciki. Daga ƙarshe hoto ya zauna, kibiya tana motsi, amma muryar matar da ke faɗin sunayen tana karkarwa kamar mai jin sanyi. Na kasa gyara wannan.

Haka na kai masa. Na ɗora kwamfutar kan tabarma, na kama hannunsa mai lafiya na aza a kan linzamin da ke motsa kibiyar. Ya danna kifi uku ko huɗu.

"Ruwan ya fi haka shuɗi a da," in ji shi. "Amma sannu, ka sha wahala."

Ba a jima ba barci ya ɗauke shi. Na zauna har kwamfutar ta cinye cajinta, sannan na fita neman ɗan acaɓa, don hadari ya haɗo ta gabas.