Awadiya Mai Shayar da Ɗaki

A kasuwar Laraba ta ƙauyenmu, kudu da Gadarif, har yau akwai masu rantsuwa cewa Awadiya 'yar kawuna tana shayar da ɗakin ubanta ne don ya yi tsiro ya zama bene. Wani mai gawayi ma ya ce da idonsa ya ga taga ta fara tohowa ta gabas. Ƙarya ce, na kuwa tabbata, don daga bakina ta fito. Ɗakin bai ƙaru da ko taƙi ɗaya ba. Nutsewa ma yake yi.

Shayarwar dai gaskiya ce. A bukka aka haifi Awadiya kamar kowa. Tana shekara goma riɗi ya yi albarka, sai ubanta Dafa'alla ya sauke jan bulo mota guda a ƙofar gida. Dattawa suka ce masa ƙasarmu ba ta ɗaukar nauyi. Da damina baƙar lakar nan kumbura take, ta ƙwace wa mutum takalmi. Da rani kuma ta tsuke, ta dare, har ɗan akuya ya faɗa a yi ta jin kukansa kwana uku yana kan hanyar sauka. Bukka tana rawa tare da ita, bulo bai iya rawa ba. Dafa'alla ya ce bukka ta awaki ce, ya gina ɗakinsa.

Awadiya ta yi aure, mijin ya rasu, ta dawo gida ta tarar uban ya makance, bango kuma ya fara tsagewa. Ita ta gane ciwon. Ƙasar da ke ƙarƙashin ɗakin tana riƙe danshinta, ta waje kuwa rana na tsotse ta, sai ta ja da baya ta bar kusurwoyi a rataye. Tun daga nan ba a zubar da ruwa a banza a gidan. Na wanki, na alwala, na wanke tukunyar tuwon asida, duk ta tara, ta zagaya gindin bango da buta safe da yamma, ba ta fifita wani gefe. Shekara goma sha ɗaya tana wannan, tsagar ba ta wuce a sa zare ba.

Bana tabkin gari ya ƙafe tun bazara ba ta yi nisa ba. Ruwan da jaki ke kawowa bai isa sha ba. Ta rage wanka, ta rage shayi, ta koma ba bango rabin kofinta. Tsagar ta karɓi cokali. Bayan sati biyu ta karɓi hannu har wuyansa. Ƙofa ta daina rufuwa. Katakon da ke riƙe da rufi ya zame daga mazauninsa, saura yatsa biyu, kuma daidai kan gadon tsohon yake.

Ta rataya tabarma ta rufe tsagar, kamar makaho zai gani.

"Awadiya, wa ya buɗe mini taga a bayan kaina?"

"Ba kowa, Baba. Ka zo bukka ka sha iska, an share."

"In shiga bukka mutanen kasuwar Laraba su yi dariya? Ni na gina ɗakin nan, a ciki za a wanke ni."

"Ai shi nake tsoro, kada ya riga mu binne ka."

Ya juya mata baya.

Abin da ke hana ta cin abinci shi ne ruwan farko. Tsagogin ƙasa da ke tsakar gida zurfinsu ya kai tsayin mutum. In aka sheƙa, ruwa zai bi ta cikinsu ya jiƙa gefe guda, lakar ta kumbura ta ɗaga kusurwa ɗaya ta bar sauran. Ranar Alhamis bayan la'asar hadari ya taso ta wajen Habasha, baƙi ƙirin. Iska ta tsaya cak. Kaji suka shige. Tana tsaye a bakin ƙofa ta ji ƙasa na zubowa daga bango kan tabarma, a hankali, kamar ana tankaɗe. Tsohon ya sha kofinsa ya kishingiɗa, barci ya ɗauke shi. Ta duba katakon. Yatsa ɗaya.

Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta kama gadon ta wajen kai ta gwada. Ba ta iya ɗaga shi ita kaɗai, in kuma ta ja, zai farka ya riƙe ƙofa.

Daidai nan na leƙo, da ƙoƙona na neman kisra, gurasar nan tamu ta dawa.

"Taubashiya, yau ba a ba angon naki ruwa ba ne? Ga shi ya buɗe baki har kunne, yana miki murmushi."

Ba ta ko dube ni ba. Ɗigon farko ya buga kwanon rufi.

"Duk garin nan bakinka ne kaɗai bai bushe ba. Ajiye ƙoƙon ka kama ƙafar gadon mu kai shi bukka. In ya farka, kai ne ɓarawon. In rufin ya riga mu, kai za ka tono shi da haƙoran nan da kake washe mini."