Kabarin da Malam Hamidu ya bar mini

Shekara biyar ke nan da muka binne Malam Hamidu a nan Greensboro, kuma har yau in na tuna shi, kewa da haushi tare suke taso mini. Wasu kan rasu su bar wa abokansu agogo ko Alƙur'ani. Ni kabari ya bar mini, kabarin wanda ya kashe yayana, kuma duk cikin 'yan Nijar na garin nan ni kaɗai na san inda yake.

Tare muka taso a Maradi, tare muka yi dako a wani sito da ke kan titin Wendover. Shi ne mai wankan gawarmu. Ba wanda ya naɗa shi. Ranar da aka fara yi mana rasuwa a ƙasar nan kowa ya tsaya kallon ɗan'uwansa, shi kuwa ya naɗe hannun riga, shi ke nan aiki ya zama nasa.

Wata shekara muka shiga ajin ranar Asabar na masu shirin jarrabawar zama 'yan ƙasa, kusa da tashar bas. Malamarmu, wata Baturiya mai haƙuri, ta zo kan shugaban nan da ya 'yanta bayi, wanda wani ɗan wasan kwaikwayo ya harbe a gidan wasa bayan yaƙin basasa. Sai Hamidu ya ɗaga hannu.

"Madam, shi wanda ya yi harbin, wa ya binne shi?"

Aji ya kwashe da dariya, tawa ma ta fi ta kowa ƙarfi. Malama ta ce wannan ba ya cikin jarrabawa. Ya ce, "To, amma dai wani ya binne shi."

Daga nan ya bi ɗakin karatu, ya dame mu da labarin mutumin a lokacin cin abinci. Wai matashi ne kyakkyawa, ɗan gidan 'yan wasa, wanda ya gamsar da kansa cewa in ya kashe shugaban mutanen Kudu, da suka sha kashi a yaƙin, za su ɗauke shi a ka. Ya gudu da karyayyar ƙafa, yana ɓuya a jeji, yana aikawa a kawo masa jaridu don ya ga yabonsa, sai ya tarar da tsinuwa har daga nasa. A rumbun busar da taba sojoji suka ritsa shi, suka cinna wa rumbun wuta, harsashi ya same shi a wuya. Saƙonsa na ƙarshe ga mahaifiyarsa ya aika shi. Aka tura gawar ƙarƙashin daɓen wani kurkuku. Yayansa, wanda yake goyon bayan shugaban, ya yi shekaru yana roƙon hukuma kafin a ba su ita, suka binne shi a maƙabartar gidansu a Baltimore ba tare da suna a kai ba.

"Shugaban, duniya ta yi masa kuka," in ji Hamidu. "Ni tsohuwar nan nake tunani, wadda ba ta da ko inda za ta tsaya."

Na ce masa ya ci shinkafarsa ya ƙyale mu da makokin Turawa.

Lokacin nan ne aka tsananta binciken baƙi, kowa yana zargin kowa. Yayana Alhaji Sani shi ne shugaban ƙungiyarmu. Wani saurayi mai suna Lawali, wanda Alhaji da kansa ya nema wa aiki, ya sa wa ransa cewa Alhaji ne yake kai sunayen marasa takarda wurin hukuma. Ƙarya ce tsagwaronta. Ya tare shi a bakin motarsa bayan sallar Juma'a ya harbe shi. Washegari 'yan sanda suka ritsa shi, ya ɗaga bindiga, suka riga shi. An ce ya gaya wa abokin ɗakinsa cewa wata rana za mu gode masa.

Hamidu ne ya wanke yayana, yana yi hawaye na zuba a gemunsa. Ita kuwa gawar Lawali tana kwance a asibiti ba mai nema. Ƙungiya ta yanke cewa ba zai shiga filinmu na maƙabarta ba, wasu samari ma suka rantse duk inda aka sa shi sai sun je sun tono shi. Sannan mahaifiyarsa, Hajiya Rabi, ta bugo waya daga Maradi. Kowa ya ƙi ɗauka, Hamidu ya ɗauka.

Na same shi a gida na ce, "Da hannun da ka wanke Alhaji?"

Ya ce, "Wani hannun nake da shi?"

Ya wanke shi, ya samo wasu mutum biyu daga wani gari suka yi masa salla, ya binne shi inda bai gaya wa kowa ba. Jama'a suka juya masa baya. Aka daina kiransa suna da biki, mai rasuwa ma ya gwammace ya nemo Balarabe ya yi wanka. Ni ma na daina amsa gaisuwarsa, kuma kada mai karatu ya jira in ce na yi nadama. Jinin yayana bai bushe a kwalta ba ya je yana shafa wa makashinsa turare. Har gobe ina ganin ya ci amanar makokina.

Da ciwon hanta ya kwantar da shi, matarsa ta aiko cewa yana nemana. Na je, don tare aka yi mana kaciya. Ya ce in sa shi a mota mu nufi Summerfield, can wajen gari. Muka wuce gonakin dawaki, muka shiga wata ƙaramar maƙabarta da ke daura da wani tsohon rumbun taba da ya karkace. Ya nuna mini wani wuri a gefen shinge, ba dutse, ba suna.

Na ce, "Me ya sa ni? Duk garin nan ka rasa wanda za ka nuna wa sai ni?"

"In kai ka bar shi ya kwanta, kowa zai bar shi. Tsohuwar tana bugowa kowace kaka ta tambaya ko yana nan. Na ba ta lambarka."

Ban ce na yarda ba. Bai kai ƙarshen watan ba ya cika, ni na wanke shi, yadda na sha ganin yana yi.

Bana baƙar fata ya hau mulkin ƙasar nan, tsofaffinmu suna kallon talabijin suna roƙon Allah ya tsare shi daga irin wancan ɗan wasan. Na san da Hamidu yana nan zai ce amin, sannan ya ɓata wa kowa rai da tambayar ko masu irin wannan niyya suna da iyaye mata. Samarin da suka yi rantsuwa sun yi aure, sun yi teɓa, ba mai ambaton Lawali. In na yi shiru, ciyawa za ta gama abin da ƙungiya ta fara, wurin ya ɓace.

Shi ya sa nake zuwa da 'yar fartanyata. Ba na ɗaga hannu a can, ba na karanta komai. Hajiya Rabi kan bugo, in ce yana nan, ta yi godiya, in kashe wayar.

Makon jiya ta bugo, muryarta ta dushe sosai. Bayan na ce yana nan, sai ta ce, "Ɗana, kana yi masa addu'a?"

Na ce, "A'a, Hajiya. Ciyawa kawai nake cirewa."

 Ta ce, "Ya isa. Allah ya jiƙan Alhaji Sani."

Na ce amin. Na ji tana jira in roƙa wa ɗanta shi ma, na kashe wayar. Asabar mai zuwa zan koma, don an yi ruwa, ciyawar ta sake fitowa.