Yaya Mazari Ta Koma Makaranta

Yayata ba ta iya zama ba. Tun muna yara haka take. A tsaye take cin abinci, a tafe take taje kai, in kuma dole ta sa ta zauna, ƙafarta ta dinga kaɗawa ke nan har tebur ya ɗauki rawa. Kakarmu ce ta laƙaba mata Mazari, sunan ya bi ta har gidan miji. Shekara huɗu ta ba ni, amma ni ake nuna mata a ce ta yi koyi da ni, abin da har yau nake jin nauyinsa.

Ba daƙiƙiya ba ce. Sau ɗaya za a faɗi abu a gabanta ta riƙe. Sai dai in aka ba su aikin gida biyar, littattafai biyar ɗin take bajewa lokaci guda. Ta yi layi biyu a wannan, ta tuna wancan ya fi gaggawa, ta koma kansa, ta tashi neman abin fiƙe fensir, a hanya ta ga tsintsiya ta kama shara. Jadawalin karatu kuwa babu wanda ya kai ta iya zana shi. Da biro kala uku take yi, ta ja layi da rula, ta manna a bayan ƙofa. Zanen kaɗai yakan cinye mata yammaci guda, kuma ban taɓa ganin wanda aka kwana uku ana binsa ba. Sau biyu ta zauna jarrabawar gama sakandare, sau biyu ta faɗi. A na biyun ko kuka ba ta yi ba. Ta kwaso littattafan ta zube mini a gado, ta ce in ci gaba, ita kanta ba na boko ba ne.

Daga nan ta kama aiki a wani shagon wanki da guga da ke bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da kantin magani. Aikin tsaye ne, ya yi mata daidai. Shekara goma sha huɗu ta yi a wurin. A ciki ta auri wani direba mai sanyin hali, ta haifi 'yan mata biyu.

Ƙaramar ce ta kwanta asibiti da zazzaɓi mai zafi, kwana goma. Yaya ta kasa zama a gefen gado kamar sauran masu jinya. Ta kira wa wannan nas, ta kama waccan tsohuwar zuwa banɗaki, ta lura ruwan da aka ɗaura wa wani ya ƙare tun kafin 'yan'uwansa su gani. Ranar sallama babbar nas ɗin ɗakin ta dube ta, ta ce mata ai aikin asibiti ne ya dace da ita, me ta tsaya yi a waje. Maganar ta hana Yaya sakat. Bayan mako biyu ta faɗo gidana ko sallama ba ta ƙarasa ba, ta ce aikin jinya za ta karanta, amma an ce sai ta fara cin jarrabawar da ta kayar da ita. Har ta riga ta sa sunanta a ajin manya na Asabar da Lahadi.

Ni a lokacin malamar makaranta ce, na kuwa ɗauka na san komai. Na kafa mata doka: kullum in ta tashi daga shago ta biyo gidana, ta zauna a teburina awa biyu, ba waya, ba tashi. Ranar farko ta yi minti goma sha biyar ta ce ƙishirwa. Rana ta uku na same ta tana gyara mini labule. A ta biyar na yi mata faɗa irin wanda nake wa ɗalibaina, na manta da wa nake magana. Ta ɗauki jakarta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malama," ta ce, da ma in ranta ya ɓaci haka take kirana, "ke kujera ba ta cizonki. Ni cizona take."

Wata guda ba ta tako gidana ba. Abin da ya faru a watan, daga baya ta ba ni labari.

Ayyukan aji sun taru mata har bakwai, ta rasa na kamawa. Ta kai na Turanci ranar da ake karɓar na ilimin halittu. Uwar ɗakinta mai shagon, dattijuwa mai nauyin ji, ta gan ta tana kai da kawo tsakanin injin wanki da ƙofa tana magana ita kaɗai, ta tambaye ta ko lafiya. Da ta ji bakwai ne, sai ta yi dariya, ta ce jiya tufafi sittin da ɗoriya suka bi ta hannunta, ba wanda ya tafi gidan da ba nasa ba. Ta yaya ta yi wannan? Yaya ta ce ai wannan ba komai ba ne, kowane kaya da takardarsa a soke mai ɗauke da ranar karɓa, wanda ranarsa ta fi kusa shi take fara yi, kuma ba ta ɗaukar wani sai ta rataye na hannunta. Tana kaiwa nan ta gane ta ba kanta amsa. Dattijuwar ta koma ninkinta.

A ranar Yaya ta yayyanka kwali, ta rubuta kowane aiki da ranar miƙa shi, ta jera su a igiya a ƙuryar shagon. Babi mai tsawo ta raba shi shafi uku-uku. Littafi ɗaya kawai take fitowa da shi daga jaka. A tsaye take karantawa, taku goma zuwa ƙofa, taku goma dawowa, sannan ta rufe littafin ta faɗa wa uwar ɗakinta abin da ta karanta da ƙarfi, saboda kunnen. A haka har mai gyaran waya ya haddace sunayen ƙasusuwan hannu ta bango.

Abin bai tafi sumul ba. Wata safiya ta jingina littafi a kan teburin guga, ido a shafi, hannu a dutse, sai ƙauri ta ji. Farar rigar wani mutum ce da zai sa a wurin neman aiki, ga shatin dutsen guga a baya. Ta ba shi haƙuri har muryarta ta dushe, ya ɗauki rigarsa ya juya ya tafi, wannan kuma ya fi faɗa ciwo. Uwar ɗakinta ta yanke hukunci: muddin dutse na kunne, littafi ba ya fita daga jaka. Amma ta ba ta rabin awa da rana tsaka, lokacin da ƙafa ke ɗaukewa, da wani rabin kafin a rufe shago.

Saura zaman ɗakin jarrabawa, wanda ba a yinsa a tsaye. Shi ya dawo da ita gidana. Na ba ta haƙuri kan faɗan da na yi mata, ta ce in bar zancen. Muka fara da zaman minti ashirin, duk mako mu ƙara biyar, ƙafa na kaɗawa a ƙarƙashin tebur, ni kuma na koyi kawar da kai.

Da sakamako ya fito ta ci komai ban da lissafi. Mako guda tana cewa ta haƙura, tana wanke abin da ba ya buƙatar wanki. Mijinta bai lallashe ta ba. Ya samo katako ya shafa masa baƙin fenti, ya kafa a bangon tsakar gidansu, ya ajiye kwalin alli a ƙasa, ya fita aiki. A jikin allon nan muka yi shekara guda, ita da alli, ni a kan kujera ina ba ta tambaya. Ta sake zama ta ci, da ƙyar, amma ta ci.

Yanzu tana shekara ta biyu a makarantar jinya, ta girmi wasu malamanta. Har yau ba ta tsayar da ɓangaren da za ta ƙware a kai ba. Wannan makon ɗakin haihuwa, mako mai zuwa ɗakin gaggawa. Ranar Talata na je asibitin da take koyon aiki in kai mata saƙon Umma. Ta karɓa, ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaye ni tun yaushe ƙafata ke kumbura haka. Na ce gajiya ce kawai. Ta ce ita ba ta yarda ba, ta kama hannuna ta ja ni wurin awon jini, ta ce wa mai awon ƙanwarta ce, a duba ta da kyau, za ta dawo nan da minti biyar.