Wuƙa Ɗaya da Aka Bar Mini

Makon jiya 'yata Hajara ta yanke hukunci a kaina. Tun da hannuna ya soma rawa, kuma zan bar gidanmu na unguwar Camberwell in koma wani ƙaramin flat a unguwar Peckham, ta ce wuƙaƙena ba za su bi ni ba, ita za ta riƙa kawo mini dafaffen abinci. Ni da na yi shekara talatin da biyar ina aikin gwamnati, ban shirya a ciyar da ni kamar jinjiri ba. Bayan doguwar muhawara ta amince da guda ɗaya, da sharaɗin in gwada ta a gabanta.

Da na jera su a kan tebur, sai kakata ta faɗo mini a rai. A garinmu, idan an gama cin tuwo, mukan kewaye murhu kafin garwashi ya mutu. Tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, hayaƙi na sa mu hawaye, amma ba mai matsawa. Ni take fara tsokana: "Maigidana, matso kusa mana, ko tsoron kura ne ya manna ka da bango? To ga tatsuniya nan tafe, kowa ya kama bakinsa."

Ta ce wani bafatake ne zai yi tafiyar wata uku, ya je wurin maƙeri neman wuƙa. Maƙeri ya ba shi uku: doguwa mai walƙiya, da ƙarama mai kaifin aska, da wata baƙa matsakaiciya, tsawon tafin hannu, ba ado. Ya ce ya je gida ya yi aikin yini guda da kowace. Doguwar ta sare ƙashi, amma wajen fere doya ta kwashe rabin doyar. Ƙaramar ta fere lafiya, har ta cire ƙaya a ƙafar jaki, amma da ya danna ta a kan igiya sai ta fice daga ƙota, domin ƙarfenta bai ratsa ciki sosai ba. Matsakaiciyar kuwa ba ta yi fice a komai ba, sai dai babu aikin da ta ƙi.

Muka haɗa baki: "Kaka, wace ya ɗauka?"

"Doguwar mana! Yana son a gan shi a hanya. Ya dawo gida da yatsu tara. Shi ke nan, ta ƙare, a tashi."

Muka yi ta dariya, amma a zuciyata ina bayan bafataken.

Hajara ta ajiye albasa da kaza a gabana. Hannuna ya nufi doguwar da na saya a kasuwar Deptford, wadda nake fitarwa ranar Layya baƙi suna kallo. Na ɗaga ta, na ga tsininta na kaɗawa. Na ajiye. Na ɗauki matsakaiciyar da marigayiya matata ta yi shekaru tana aiki da ita, wadda ban taɓa yi wa kallon arziki ba. Ƙotarta ta cika mini hannu, rawar ta ragu.

"Baba, a hankali, ba competition ba ne," in ji Hajara.

Na yanka albasar, na raba kazar gaɓa-gaɓa. Hajara ta naɗe sauran wuƙaƙen a tawul ta sa a jakarta.

Shekara saba'in ina zaton Kaka ba'a take yi wa wani wawan bafatake. Ashe ta san jikanta, ta san irin mutumin da zai zama, ta kuma faɗa masa cikin raha domin kada ya ji kunya a gaban ƙannensa.

Ranar Juma'a Hajara za ta zo cin abinci. Ni zan dafa.