Guɗar Da Anka Hana Ni

Ku matso ku ji. Allah ya ba wasu gona, ya ba wasu shanu, ni maƙogwaro ya ba ni. Tun daga Kajiji har Dandin Mahe, amaren da anka kai ɗaki da guɗata sun fi a ƙirga.

Wata shekarar zaɓe, wani ɗan takara mai hula kamar turmi ya zo buɗe rijiyar burtsatse a garinmu. Anka ce in yi guɗa. Ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, na riƙe hanci na saki murya har tsuntsaye sunka watse daga kan kuka. Kwana uku famfo ya bushe. Ashe motar ruwa ce ta cika tankin. Abokin hamayyarsa kuma ya zo aza tubalin ɗakin haihuwa, shi ma na yi mai, don guɗa ba ta da jam'iyya. Ɗakin na nan ba rufi, kuma ana haihuwa a ciki, sai dai awaki ne.

Masu alkawari sunka koma birni cikin mota mai sanyi, ba wanda ya ga laifinsu. Ni ce kusa, sai laifin ya faɗo kaina. Wai duk abin da na yi wa guɗa bushewa yake.

Ina da jika, ni na goya ta tun rasuwar uwarta. Ta so wani manomin albasa na Dandin Mahe, shi ma ya so ta, har in ya zo zance ba ta jin warinsa. Da biki ya matso ta same ni ina tankaɗe.

"Kaka, ranar kai ni ki huta."

"Ciwo kinka ga ina yi?"

"Ba ni ba ce, mutane ne ke faɗi. Kada aurena ya zama famfo."

Na ce to. Na ci gaba da tankaɗe, garin na ta zuba ƙasa ban sani ba.

Ranar kai amarya munka isa ƙofar gidan miji. Wurin guɗa ya zo. 'Yan matan yanzu sunka dubi juna. Ɗaya ta gwada, sai ka ce an taka jelar kyanwa. Dangin ango sunka fara sunkuyar da kai suna dariya. Amarya ta shiga ɗaki shiru kamar an kawo gawa? Can daga cikin lulluɓin amarya na ji an mintsine ni a cinya.

To, amarya ba ta magana sai abokan ango sun sayi baki, kowa ya sani. Ni ma na sani. Na duƙa na ce, "Ni da kunne nake ji, ba da cinya ba."

Ta sake mintsini. Na dubi sama.

"Kaka, don girman Allah, yi!"

Kowa ya ji. Babban abokin ango ya tafa hannu ya ce, "Alhamdulillahi, baki ya buɗe kyauta!"

Na bari dariyar ta lafa tukuna. Sannan na gyara tsayuwa, na riƙe hanci, na yi mata wadda ban taɓa yi wa ɗan takara ba, hawaye na bin wuyana.